Apt, Snap, Flatpak ko Pacman: Wanne Ya Dace Da Kwamfutarka A Maraɗi?

Tun da Microsoft ta daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, masu tsofaffin kwamfutoci a garin nan suka fara waiwayar Linux, tsarin tafiyar da kwamfuta da ake sawa a madadin Windows, mai nau'o'i da yawa. Da yawa daga cikin na'urorin da ke hannunmu kwance ne da aka shigo da su ta Kano ko Kwatano, kuma Windows 11 ba ya yarda da su. Sai ka ji yaro yana tambaya wane Linux ya fi kyau a ido. Kyan allo ba shi zai dame ka ba bayan sati ɗaya. Abin da za ka zauna da shi kullum shi ne rumbun manhajojinsa da umarnin da ake sarrafa rumbun da shi, don haka daga nan ya kamata a fara zaɓe.

Kowane Linux yana da rumbu a intanet inda aka tara dubban manhajoji, aka gwada su, aka sa musu hannu. Ka buɗe tamina, wato tagar da ake rubuta umarni, ka rubuta layi ɗaya, manhajar ta sauko tare da duk abin da take dogaro da shi. Akwai kanti mai hotuna da ake dannawa da linzami, amma a na'ura mai giga 4 na ƙwaƙwalwa nauyi gare shi, kuma ba kullum yake faɗa maka gaskiyar abin da zai ci ba. Layin umarni kuwa sai ya nuna maka lissafi, yawanci ya jira ka ce i ko a'a.

Mu a Maraɗi ba da sikelin Turai za mu auna waɗannan kaya ba. Mega da kuɗi muke saye, jaka bayan jaka. Wuta kuma ba ta sallama in za ta tafi. Duk wanda ya ga watannin da suka biyo bayan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke lantarkin da take ba Nijar, ya san abin da nake nufi. Sai kuma abin da ya fi damuna, wato wa ya haɗa manhajar nan, wa kuma ya sa mata hannu.

A kan waɗannan duka apt nake ba kowa shawara, kuma ba na ɓoyewa. Shi ne umarnin sarrafa rumbu na Debian, nau'in Linux ɗin da Ian Murdock ya kafa a 1993, kuma shi Ubuntu da Linux Mint suka gada. Apt kansa tun ƙarshen shekarun 1990 yake aiki. Rumbun Debian yana ɗauke da ƙunshin manhaja sama da 60,000, daga LibreOffice na buga takardu, da GIMP na gyaran hoto, da VLC, har QGIS da ƴan aikin gona da taswira ke nema. Aikin yau da kullum bai wuce umarni kaɗan ba: `sudo apt update` ya ɗauko sabon jerin abin da ke rumbu (`sudo` shi ke ba umarni cikakken iko a kan na'ura), `apt search` ya nemo maka suna, `apt show` ya nuna bayanin manhaja da girmanta, `sudo apt install vlc` ya girka. Kafin ya taɓa megarka sai ya rubuto ƙunshi nawa zai ɗauko, nauyinsu nawa, fili nawa za su ci a faifai. In ka ga lissafin ya yi yawa, ƙara `--no-install-recommends`, zai bar kayan rakiya ya kawo abin da ya zama dole kawai.

Inda ya fi burge ni shi ne yadda yake haƙuri da halinmu. Layi ya yanke ana tsakiyar saukewa? Abin da ya riga ya sauko yana nan a ajiye, ka sake ba da umarnin ya ɗora daga inda ya tsaya. Kana iya raba aikin gida biyu: `sudo apt-get -d upgrade` da dare lokacin da layi ya saki, wannan saukewa kawai yake yi, girkawa kuma sai ka tabbata batir ya cika. In kuwa wuta ta ɗauke ana cikin girkawa, wanda shi ne mafi muni ga kwamfutar tebur marar batir, to kada ka ruga wajen mai gyara ya goge maka komai. Rubuta `sudo dpkg --configure -a`, ka bi shi da `sudo apt --fix-broken install`. Mafi yawan lokaci da wannan magana ta ƙare.

Sai maganar masu na'urori da yawa, irin wurin buga takardu, ko ɗakin kwamfuta na makaranta, ko ofishin ƙungiya. Ba dalili a sayi mega sau goma a kan abu ɗaya. Duk abin da `apt-get` ya sauke yana zama a `/var/cache/apt/archives`. A lura da kyau, gajeren umarnin `apt` yakan share su bayan ya gama girkawa, `apt-get` ne ke barin su. Kwashe su a kile (filashin USB), ka zuba a wannan mazaunin a na'ura ta biyu, ka yi `apt update` sannan ka ba da umarnin girkawa. Zai ga kayan suna nan, ya gwada su da jerin da aka sa wa hannu, ya girka ba tare da ya sake saukewa ba. Sharaɗi shi ne na'urorin biyu su zama fitowa ɗaya, kada ka kai kayan Debian 13 cikin Debian 12. Wanda ya fi haka sauƙi shi ne `apt-cacher-ng`. Ka girka shi a na'ura ɗaya, yana sauraro a ƙofa ta 3142, sauran kuma ka rubuta musu layi guda a cikin `/etc/apt/apt.conf.d/` mai nuna adireshinta. Daga ranar, abin da ɗaya ta sauke ya zama na kowa. Ga wanda kwamfutarsa ke ƙauye inda babu layi sam, akwai `apt-offline`: ta rubuta abin da take buƙata a kile, a zo gari a sauke, a koma a girka.

Laifin da ake ɗora wa rumbun Debian shi ne manhajojinsa sukan tsufa. Gaskiya ne, Debian kusan duk shekara biyu yake sabuwar fitowa: ta 12 a Yunin 2023, ta 13 a Agustan 2025, kuma tsakaninsu gyaran tsaro ne yawanci ke zuwa. Ni a wurina wannan rahama ce, domin abin da ba ya canzawa kullum ba ya cin mega kullum. Mai tsohuwar na'ura ta 32-bit ya sani dai cewa Debian 13 ya daina fitar mata da faifan girkawa. Sabon shiga kuma na fi tura shi wajen Linux Mint, apt ɗin ɗaya ne amma hannunsa zai fi saurin sabawa.

Snap wata hanyar girka manhaja ce daban, na kamfanin Canonical ne mai Ubuntu, kuma a kan kansa yake leƙa rumbu sau huɗu a rana ya sabunta abin da ya ga dama. Mai sayen mega da awo ba ya buƙatar ƙarin bayani. In kana kan Ubuntu ka sani cewa tun daga fitowar 22.04, `apt install firefox` Snap yake jawo maka. Ɗaure shi da `sudo snap refresh --hold`. Mint tun 2020 ya rufe masa ƙofa. Flatpak ya fi shi ladabi, sai dai manhajar farko da za ka ɗauko takan zo da ginshiƙi mai ɗaruruwan mega. A ajiye shi don abin da aka rasa a apt. Dnf na Fedora yana da abu ɗaya da nake sha'awa, `dnf history undo`, mai mayar da aiki baya, amma kowace fitowa wata 13 kawai ake kula da ita. Pacman na Arch sauri gare shi, kuma kullum cikin sabuntawa yake, na mai layin da ba ya ƙarewa ne. Wanda aiki ya ɗaure shi a Windows ya koyi `winget install` da `winget upgrade --all`, ya fi yawon neman manhaja a shafuka. Homebrew na masu Mac ne, su kuwa ba su da yawa a nan.

Yanzu ga maganar da ta fi duk wannan kwatance nauyi. Akwai lokacin da aka kawo mana kwamfuta a wurin aikinmu na buga takardu, mai sayarwa ya cika ta da fasassun manhajoji daga kilensa, yana cewa kyauta ce ya ƙara mana. A cikinta ɗalibai suke ajiye kundin kammala karatunsu kafin a buga. Wata safiya kowane fayil ya ƙi buɗuwa, sunayensu sun canza, ga saƙo a allo ana neman kuɗi. Wata ɗaliba ta tsaya a bakin tebur riƙe da ƴan takardun da malaminta ya yi wa gyara da jan biro, ta ce, "Malam, don Allah ko babi na uku kaɗai a fitar mini, shi ne ban da shi a ko'ina." Ba a fitar ba. Tun daga nan duk manhajar da ban san inda ta fito ba nake kallonta kamar ƙwayar da ake talla a faranti a tasha: kwalin irin na kantin magani ne, abin da ke ciki Allah kaɗai ya sani.

Kada wani ya ce ai Linux ba ya kamuwa. Rumbun asali ne ke da tsaro, saboda jerin kayansa yana ɗauke da sa hannun masu shi, kuma apt yana ƙin duk abin da bai dace da sa hannun ba. Da zarar ka fita daga rumbun, kai da sa'arka. A 2023 masu binciken Kaspersky suka bayyana cewa shafin Free Download Manager ya ɗauki shekaru yana tura wasu masu Linux zuwa wani ƙunshin deb (irin wanda apt ke girkawa) na bogi mai satar kalmomin sirri. A Fabrairun 2016 an kutsa shafin Linux Mint kansa, aka musanya hanyar sauke faifan girkawa da wani gurɓatacce. Shi ya sa in ka sauke faifan girkawa, ko wani ya ba ka a kile, sai ka gwada shi da `sha256sum`, wanda ke fitar da lambar faifan don ka kwatanta da wadda aka wallafa a shafi, ka kuma tabbatar da sa hannun jerin lambobin da `gpg`, don wanda ya iya canza faifai a shafi zai iya canza lambar da ke gefensa. Kantin Snap an kama manhaja mai haƙar kuɗin kirifto a ɓoye a cikinsa a 2018, a 2024 kuma aka sami jakunkunan kirifto na ƙarya da suka kwashe wa mutane dukiya. AUR, rumbun jama'a na Arch, kowa na iya zuba kaya a ciki, kuma an sha tsintar mugun abu a wurin. PPA na Ubuntu ma haka yake, rumbun mutum ɗaya ne. Ranar da ka ƙara shi ka ba mutumin nan mabuɗin na'urarka gaba ɗaya.

Akwai layukan da in ka gan su a bidiyo ko a zauren WhatsApp sai ka janye hannu. Na farko shi ne wanda ya fara da `curl` ya ƙare da `| sudo bash`, ma'anarsa a ɗauko rubutu daga shafin wani a zartar da shi da cikakken iko ba tare da ka karanta ba. In dole ne, sauke shi tukuna, ka buɗe ka duba. Sai `[trusted=yes]` da `--allow-unauthenticated`, su biyun kashe binciken sa hannu suke yi. Ranar da apt ya yi ƙorafin mabuɗi, gargaɗi yake maka, kuma wani lokacin ba komai ba ne illa agogon na'urar da ya ɓace saboda ƙaramin batirin ciki ya mutu, abin da ya zama ruwan dare a kwamfutocin kwance. Duba `date` kafin ka kashe tsaro. Ƙannenmu na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo masu koyon Python su ma su kula da `pip`, umarnin girka kayan Python: ɓarayi suna zuba ƙunshi mai suna kusan iri ɗaya da na gaske, harafi ɗaya ya bambanta su, suna jiran wanda yatsansa zai kuskure. A duba ko abin yana cikin apt da sunan da ya fara da `python3-`, in babu a yi shi cikin `venv`, keɓaɓɓen wurin aiki na Python, ba da `sudo` ba.

Ko rumbun asali an taɓa yi masa ƙofar rago. A Maris 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund ya gano ɓoyayyar ƙofa da aka dasa a cikin xz, manhajar matse fayiloli, fitowa ta 5.6.0 da 5.6.1, bayan wanda ya dasa ta ya yi shekaru yana neman yardar masu aikin. Ta shiga rassan gwaji na Debian da Fedora. Ba ta kai ga tsayayyen Debian ba, ba ta kai ga Ubuntu mai dogon tallafi ba, domin su ba sa gaggawar karɓar sabon abu.

In ka je sayen kwamfuta aka ce maka an riga an sa mata Linux da komai da komai, buɗe tamina a gaban mai kaya. Rubuta `ls /etc/apt/sources.list.d/` ka ga rumbuna nawa aka ƙara, sannan `apt policy` ya jero maka adireshin kowannensu. Duk sunan da ba na Debian, Ubuntu ko Mint ba, ka tambaye shi, "Maigida, wannan na wane ne?" In ya fara kame-kame, ku yi cinikin ƙarfen kaɗai, ka je gida ka goge ta, ka girka da faifan da kai da kanka ka gwada lambarsa.