Ƙarin darasi ta WhatsApp a Garwa: malaman sun yi, shugabancin ne da gyara

Maƙwabta suna ta tambayata ko su sa 'ya'yansu a ƙarin darasin da wasu malamai ke yi ta WhatsApp a nan Garwa. Amsata ita ce su sa, amma akwai abin da ya kamata su tambaya kafin su tura kuɗi.

Mun shiga ne a 2020. Ranar 17 ga Maris firaminista Joseph Dion Ngute ya sanar da rufe makarantun Kamaru saboda korona, washegari yara suka zauna a gida. Babbar 'yata tana aji huɗu na sakandare, shekarar rubuta jarrabawar BEPC ta kammala ƙaramar sakandare. Tashar gwamnati ta CRTV ta fara sa darussa a talabijin, amma a zafin Afrilu na Garwa, ga wuta tana zuwa tana tafiya, sau da yawa darasi kan wuce gidanmu yana duhu. Kuma yaro ba ya iya tsayar da malamin talabijin ya ce bai gane ba.

Tsarin malaman WhatsApp ɗin mai sauƙi ne. Malami zai rubuta darasi a takarda ya ɗauki hoto, ya biyo da saƙon murya yana bayani da Faransanci, inda ya yi tsauri ya sassauta da Fulatanci ko Hausa. Yaro ya yi aikin a littafinsa, ya ɗauki hoto ya mayar. Babu bidiyo mai cinye kuɗin intanet, kuma saƙo yana nan yana jira har a samu caji. Wannan ya yi mana daidai, domin waya ɗaya ce mai WhatsApp a gidan, ta maigida, ba ta dawowa daga kasuwa sai bayan magariba. Kuɗin wata ana tura shi ta Orange Money ko MTN. Gyaran aiki kan yi jinkiri wani lokaci, amma yana zuwa, da jan biro da bayani.

Inda aka samu tangarɗa shi ne maganar hutun malamai, kuma sau biyu abin ya faru, kowanne da kamarsa.

Malamar Faransanci tana da tsohon ciki. Tun da wuri ta faɗa wa iyaye, ta naɗi darussa ta ajiye, ta haɗa mu da wata abokiyar aikinta mai gyara. Dokar aiki ta Kamaru ta ba mace mako 14 na hutun haihuwa, ita ko rabinsu ba ta ci ba. Duk da haka sai da wata uwa ta rubuta cewa ai mai jego a zaune take wuni, me zai hana ta duba takardun yara. Na ji zafin wannan magana, kuma daga bakin mace. Wadda ta yi wankan jego, ta kwana jariri yana kuka, ta san ba zama ake yi ba.

Na biyun ya fi muni. Cikin azumi mahaifin malamin lissafi ya rasu a wani ƙauye wajen Gidar, ya tafi cikin dare. Can babu sabis sai an hau tudu. Shugaban malaman ya sani, amma bai ce mana uffan ba. Yara suna tura aiki shiru, iyaye suna tambaya shiru, ga jita-jita cewa za a buɗe ajujuwan jarrabawa, wanda kuwa aka yi ranar 1 ga Yuni. Kafin gaskiya ta fito, an riga an kira bawan Allah da sunaye: maci amana, mai cin kuɗin marayu. Da aka ji rasuwa ce wasu suka yi ta'aziyya, wasu kuma suka tsaya kan bakansu. Wani dattijo ya ce, "Wayar ba a aljihunsa take ba? Ko a zaman makoki ai ana iya aika darasi."

Na ce masa, "Baba Alhaji, Allah ya huci zuciyarka. Da a aji yake koyarwa, za ka ce ya bar gawar mahaifinsa ya zo ya riƙe alli?" Bai amsa ba, amma na san ba mugunta ce ta sa shi faɗa ba. Ya biya kuɗi a lokacin da kasuwa ta mutu, iyakar Najeriya a rufe, ɗansa kuma na fuskantar jarrabawa. Tsoronsa gaskiya ne. Sai dai tunda darasi ya koma cikin waya, mun fara ɗaukar malami kamar famfo, ko yaushe aka murɗa ya kawo ruwa. Ana tura masa tambaya ƙarfe goma sha ɗaya na dare, ana ganin ya karanta, ana jin haushi bai amsa ba. Kuma mu a arewacin nan mun fi kowa sanin halin malamai. Makarantu nawa ne a ƙauyukanmu iyaye ke tara kuɗi ta ƙungiyar iyaye da malamai (APEE) su biya malamin da gwamnati ba ta ɗauka ba? Mun san abin da suke samu bai taka kara ya karya ba.

Laifin na mai shugabanci ne. Saƙo ɗaya ya isa: malam ya yi rashi, zai dawo bayan sadakar bakwai, ga wanda zai riƙe yara. Bai yi ba, bai tanadi wani malamin lissafi ba, kuma ƙarshen wata ya nemi kuɗi cif. Sai da iyaye suka matsa aka rage. Malamin da ya dawo, shi da kansa ya rama darussan ranakun Asabar ba tare da ya karɓi ko dala ba.

Yanzu ƙanen babbar 'yata ne a ciki, lissafinsa ya gyaru sosai, kuma wannan malamin ne yake koya masa. Wanda zai sa ɗansa, ya tambayi shugaban wa ke riƙe aji idan malami ya yi uzuri, da yadda ake lissafin kuɗin makon da ba a yi darasi ba, ya ce a rubuto masa amsar a saƙo. Sun samo malamin Faransanci na biyu. Na lissafi da na kimiyya har yau ɗaya ɗaya ne, kuma na sake tuna wa shugaban a farkon wannan zangon.