Ina za a sauke sansanin ƴan mata na dogon hutu?

Da zarar watan Agusta ya ƙarato, shugabannin Girls' Brigade (ƙungiyar ƴan mata ta coci) da Zumuntar Mata a ikilisiyoyin ECWA, COCIN da EYN sukan shiga neman inda za a tara ƴan mata na mako guda. Yawanci wuri uku ake dubawa: harabar coci, masaukin baƙi, ko makarantar kwana ta ƴan mata wadda ɗalibanta suka tafi hutu. Ni dai makarantar kwana nake bi.

Tun asali don kwanan yara mata aka gina ta. Akwai gadaje, akwai jerin banɗakuna, ga kicin mai manyan tukwane. Ɗakin cin abinci kuma shi ne wurin sujada da nazarin Littafi Mai Tsarki in ruwan sama ya tsuge, kuma a Agusta sai ya tsuge. Ga filin fareti. Uwa uba katanga da ƙofa ɗaya mai maigadi. Tun sace ƴan matan Chibok a 2014, babu uwar da za ta sa hannu a takardar izini ba ta tambayi wannan ba, kuma tana da gaskiya. Ku zaɓi makarantar da ke cikin gari, kusa da asibiti da ofishin ƴan sanda, ku kai wa DPO takarda tun kafin ranar.

Amma ku je da ƙafarku ku buɗe famfo. An taɓa nuna mana tanki cike a wata makaranta, ashe injin rijiyar burtsatsen ya daɗe da lalacewa, tankar ruwa aka kira saboda zuwanmu. Ruwan na ƙarewa yaranmu suka koma tarar na sama a bokiti, wasunsu kuma suna al'ada. Yanzu sai an kunna injin a gabana na ga ruwa na hawa, sannan a rubuta wanda zai sayi man janareta.

Harabar coci ba ta da tsada, sai dai kwanan benci, banɗaki biyu, kuma kowa na shiga. Masaukin baƙi kuwa kuɗi ne, ga ɗakuna a rufe da baƙin maza a makwabta. Ban yarda ba.

Sai batun macuta, su ne suka fi cin kuɗin kwamiti. Wani zai zo ya ce shi ne ke kula da hayar makarantar, ya karɓi kafin alƙalami ta asusun kansa, ranar sauka shugabar makarantar ta ce ba ta san shi ba. Ku zauna da ita ido da ido, ku biya ta asusun makaranta, ku karɓi rasit mai hatimi. Kada ku ba mai dafa abinci kuɗi dunƙule. Iyaye mata biyu su shiga kasuwa da kansu, a ɗora buhun shinkafa a sikeli a ga kilo 50 ɗin ya cika, domin ana farke buhu a rage a sake ɗinkewa. Maganin zazzaɓin cizon sauro a saye shi a babban kantin magani, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, in akwai wurin kankarewa a kankare a tura lambar ta tes. Audugar mata ma ana yin jabunta. Gidan sauro kowace yarinya ta zo da nata daga gida.

Mota kuma a ɗauke ta a tasha, a rubuta sunan direba da lambar motar, a ajiye babbar mace ɗaya a kowace, kuma a kama hanya da safe don a isa da rana tsaka.