Tafintan waya a asibitinmu na Brooklyn, bayan shekara biyu

Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibiti kusa da Brighton Beach a Brooklyn ta birnin New York, unguwar da 'yan gudun hijira daga tsohuwar Tarayyar Sobiyet suka fara cikawa tun shekarun 1970, wasu kuma suka biyo sahu bayan dokar Lautenberg ta 1989, wadda ta sauƙaƙa musu samun mafaka a Amurka. Yawancin masu zuwa wurinmu tsofaffi ne, Rashanci kaɗai suke ji. Asibitinmu ya ɗauki wani kamfanin tafinta ta waya da bidiyo. Ki danna lamba, ki zaɓi harshe, kafin minti biyu murya ta shigo.

Ranar da na san darajarsu, wata dattijuwa ce ta ce mini tana fama da "angina". Gabana ya faɗi, don a Turancin likitoci wannan ciwon ƙirji ne mai nasaba da zuciya. Har na miƙe zan kira likita, sai tafintar ta ce in dakata: a Rashanci kalmar ciwon maƙogwaro take nufi. Ita ce kuma ta sake tambayar tsohuwar ko akwai abin da take ɗigawa a ruwa ta sha, bayan ta ce ba ta shan magani. Ashe Corvalol take sha kullum dare, wani maganin kwantar da hankali mai ɗauke da phenobarbital, sinadarin da ke sa barci, ita kuwa ba ta lissafa shi cikin magunguna.

Akwai wata kalma da nake ji kullum: "normalno", wato "ba laifi". Ka tambayi dattijo jikinsa, yana cije baki don zafi, ya ce normalno. Tamkar dai namu na gida da ke kwance rai a hannun Allah, a ce yaya jiki, ya ce da sauƙi. Tafinta nagari yakan gaya mini cewa muryar mutumin ba ta yi kama da ta mai sauƙi ba. Wanda ke sauri kuwa sai ya ce "lafiya lau" ya wuce.

Inda suka gaza, kowane kira da sabon tafinta. Mutumin da ya tashi a ƙasar da ake tauna magana kafin a furta ba ya buɗe cikinsa ga muryar da bai ga mai ita ba. Wasu tafintocin ma ba sa kiran tsoho da sunansa haɗe da na mahaifinsa, wanda a wurinsu shi ne ladabi. Na kai ƙorafi sau biyu, shiru.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wani ɗa da ya roƙi likita a gaban mahaifinsa kada a ambaci ciwon daji, don a can ƙasarsu iyali ake faɗa wa irin wannan labari. Ƙa'idar tafinta ita ce ya fassara duk abin da aka faɗa a ɗakin, ya kuwa fassara. Tun ranar, nakan ja iyali waje mu yi magana kafin in danna lambar, kuma idan tsoho ne, bidiyo nake nema.