Wankin jijiyar haƙori a Kano: a karo na biyu ban ji zafi ba

Jama'a bari in ba ku labarin asibitin haƙorin da na je satin da ya wuce, don na san akwai masu fama da ciwon haƙori suna ta shan magani suna gudun likita saboda tsoron azaba. Turmin haƙorina ne na ƙasa ta hagu ya yi kogo har ya taɓa jijiya, sai an yi masa wankin jijiya, wato a cire jijiyar da ta lalace a wanke cikin haƙorin a cike shi, kwana huɗu ban runtsa ba, ko ruwan sanyi ya taɓa wajen sai in ji har cikin kunnena.

Wurin farko da na je an min allura ɗaya, leɓena ya yi nauyi, likitan ya ce to shikenan ya mutu, yana sa inji wallahi na zabura na riƙe masa hannu, sai ce min ya yi Hajiya tsoro ne kawai ki daure. Ba tsoro ba ne, ina jin komai. Tashi na yi na tafi.

Na biyun wata likita ce mace a wani asibiti mai zaman kansa, kuma ita ta fahimtar da ni abin da ya faru. Ta ce in jijiyar haƙori ta kumbura allurar kashe zafi ba ta kamawa yadda ya kamata, jijiyar ta riga ta harzuƙa, abu kaɗan sai ta ɗauka, sannan turamen ƙasa sun fi wuya saboda ƙashin muƙamuƙin ƙasa kauri gare shi maganin ba ya ratsawa da sauƙi. Mutuwar leɓe kuma ba ita ke nuna cikin haƙorin ya mutu ba, wannan maganar ta tsaya min a rai sosai don ita ce ainihin abin da ya same ni.

Ta tambaye ni ko ina da olsa ko ciki ko hawan jini, na ce babu, sai ta ba ni ibuprofen na sha na zauna kusan awa ɗaya a waje. Da na shiga ta yi allurar kashe zafi ta lidocaine can ƙuryar baki, ta jira wajen minti 15 ba ta yi gaggawa ba, ta ɗora auduga mai sanyi ƙarara a kan haƙorin ta ce kina ji? Na ce eh kaɗan. Ba ta yi musu da ni ba, ta ƙara wata, articaine mai kashi 4 cikin 100, a dasashi gefen haƙorin, ta sake gwadawa, shiru. Ta ce da ma bai kama ba akwai wadda ake yi a tsakanin haƙori da dasashi, akwai ma ta cikin jijiyar kanta, kuma in na ji wani abu in ɗaga hannun hagu za ta tsaya nan take. Har aka gama ƙarar inji da dannawa kawai nake ji.

Abin da bai min ba, layi, na kai awa biyu kafin a kira ni duk da na yi bukin, kuɗin ma da ɗan tsada kuma ba a faɗa min tun farko cewa hular da za a sa wa haƙorin, wato murfin da ake rufe shi da shi, kuɗinta daban ba, a wajen biya na ji. Bayan allurar ta sake ni wajen ya yi tsami kwana biyu, amma daren nan na yi barci har asuba. Ranar Talata zan koma a ƙarasa cikon, kuma da ƙanwata zan tafi don ita ma nata ya fara damunta.