Firefox a kan ƙaramar kwamfuta: yadda na ƙwato wa allona fili

Kwamfutar tafi-da-gidanka da nake aiki da ita ta hannu ce, na saye ta a wani shago da ke kan titin Ahmadu Bello a nan Kaduna, kuma allonta inci 11.6 ne, mai ɗigo 1366 a faɗi da 768 a tsaye. Irinta ce a hannun ɗalibai da yawa na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da na jami'ar jiha, saboda tana da sauƙin kuɗi, ga shi ba ta da nauyi a jaka. Matsalar wannan allo ba ta faɗi ba ce, ta tsayi ce. Kafin shafin da mutum ya buɗe ya samu wuri, layin shafuka ya ɗebi rabonsa a sama, gurbin adireshi ya ɗebi nasa, layin adireshin da aka adana ya zauna a ƙarƙashinsu, sannan layin Windows ya tare ƙasa, sai a wayi gari abin da ake son karantawa yana leƙowa kamar ta tagar shago. Wanda ya taɓa cike fom ɗin rajista mai tsawo a irin wannan allo ya san yadda maɓallin aikawa yake ɓuya a can ƙasa.

Na shafe 'yan watanni ina gwada burauzar Firefox ta kamfanin Mozilla, wato manhajar buɗe shafukan intanet, da niyyar rage wannan cunkoso, kuma ra'ayina shi ne ta cancanci a gwada ta, duk da cewa mafi amfanin gyare-gyarenta ba a bainar jama'a aka ajiye shi ba.

A watan Yunin 2021, lokacin da aka fitar da Firefox 89, an sake fasalin fuskarta, shafuka suka ƙara kauri, tazarar da ke tsakanin maɓallai ta ƙaru, sannan aka cire zaɓin matsattsen tsari, wanda ke rage kaurin layukan sama, daga inda kowa yake ganinsa. Ba a kashe zaɓin ba, ɓoye shi aka yi. Wanda yake so ya dawo da shi sai ya rubuta about:config a gurbin adireshi domin buɗe shafin ɓoyayyun saituna, ya amince da gargaɗin da zai fito, ya nemo browser.compactmode.show, ya mai da shi true. Daga nan, idan ya shiga wurin tsara layin kayan aiki, zai tarar da matsattsen tsari a cikin zaɓin da ke ƙasa, tare da rubutun da ke nuna cewa kamfanin ba ya ɗaukar nauyinsa. Wannan rubutu yana iya tsorata sabon shiga, amma ni ban ga abin da tsarin ya ɓata mini ba. A ganina bai dace a ce abin da masu ƙananan kwamfutoci suka fi buƙata sai an bi ta bayan gida kafin a kai gare shi ba, domin mai babban allo a ofis ba shi da asara, talaka mai ƙaramin allo shi ne yake jin matsin.

Gyaran da ya fi burge ni ya zo ne a watan Maris na 2025 tare da Firefox 136, wato damar kwashe layin shafuka daga sama a jera su a gefe. Hikimar a bayyane take ga duk wanda ya dubi lambobin allon nan: faɗi ya kusan ninka tsayi, alhali yawancin shafukan labarai da na makarantu suna tara rubutunsu a tsakiya ne, su bar gefe biyu fayau. Ashe filin da ake nema yana nan a kwance, ba a amfani da shi. Da na danna linzami na dama a kan layin shafuka na kunna wannan tsari, sai layi guda cur ya ɓace daga sama, kuma da na tsuke jerin gefen har ya zama ƙananan tambura kawai, abin da ya ci daga faɗin allon bai taka kara ya karya ba. Ba Firefox ce ta fara wannan ba, domin burauzar Vivaldi ta daɗe da shi, burauzar Edge ma ta kawo nata tun 2021, amma haɗuwarsa da matsattsen tsari a wuri guda ita ce ta sa na tsaya a nan. Sai dai akwai inda yake ba da wahala. Idan an tsuke jerin, sunayen shafuka ba sa fitowa, kuma shafukan hukumomi da makarantu da dama ba su da tambarin kansu, saboda haka mutum zai ga tambura biyar iri ɗaya, sai ya ɗora linzami a kan kowanne kafin ya gane wane ne wane. Ga mai buɗe shafi uku ko huɗu wannan ba komai ba ne, amma ga ɗalibin da ke haɗa kundin kammala karatu da shafuka ashirin a buɗe, abin yana buƙatar sabo.

Sauran dabarun ƙanana ne. Ctrl da Shift da B suna ɓoye layin adireshin da aka adana ko su dawo da shi, Ctrl da alamar ragewa suna ƙanƙanta shafi zuwa kashi 90 ko 80, kuma Firefox tana tuna girman da aka zaɓa wa kowane gidan yanar gizo daban. Ni ba na sauka ƙasa da 90, domin idanuna sun fara gajiya da ƙananan baƙaƙe.

Maɓallin F11, wanda yake ba shafi allon gaba ɗaya, shi ne mafi sauƙi, amma ina amfani da shi da taka tsantsan. Yana rufe agogo da alamar batir, kuma a garin da ake iya ɗauke wuta ba sallama, ga batirin kwamfutar hannu da ba ya daɗewa, rashin ganin wannan alama ya taɓa sa kwamfutata ta mutu ina tsakiyar cike wa ƙanwata fom. Wannan dalili ne ya sa ban ɓoye layin Windows na ƙasa ba, duk da cewa ana iya yin haka. Masu Windows 10 suna iya jan layin zuwa gefe, wanda hakan ya fi.

Akwai kuma hanyar gwanaye, ta rubuta fayil mai suna userChrome.css domin a sauya fuskar burauzar yadda aka ga dama, har a haɗe shafuka da adireshi a layi ɗaya. Tun daga Firefox 69 sai an kunna izininsa a about:config kafin ya yi aiki, kuma sabon fitowa yana iya rikita abin da aka tsara. Ban ba wanda ba sana'arsa ba ce shawarar shiga wannan.

Abu na ƙarshe da ya kamata mai saye ya duba shi ne tsarin da ke kan kwamfutar. Firefox 115 ita ce ta ƙarshe da ke aiki a kan Windows 7 da 8, don haka tsofaffin kwamfutocin da har yanzu ake sayarwa da waɗannan ba za su samu jerin shafuka na gefe ba, sai dai matsattsen tsari da F11. Kafin a biya kuɗi a shago, yana da kyau a ce wa mai kayan ya kunna ta a ga wane Windows ne a ciki.