Ƙanƙarar Teku: Wane Ma'auni Za Ka Ɗauka?

Wani ƙanena da ke digiri na biyu a nan Jidda ya same ni bayan la'asar, kwamfuta a hannu, zufa na bin wuyansa. Ya buɗo taswira biyu na ƙanƙarar tekun Aktik da ke can ƙarshen arewacin duniya, duk na rana guda, amma faɗin ya sha bamban. Ya ce, "Yaya, wanne ne na gaskiya?" Na ce masa kowace kasuwa da mudunta. Bayanan nan kyauta ake ba da su, kuɗinsu shi ne lokacinka, don haka ka san mudun kafin ka auna.

In tambayarka ita ce yadda ƙanƙara ke raguwa shekara da shekaru, ɗauki ma'aunin NSIDC, cibiyar adana bayanan ƙanƙara da ke Amurka. Tarihinsa ya faro tun ƙarshen 1978, daga na'urorin tauraron ɗan Adam da ke jin tururin maikurowef da teku ke fitarwa, ba ruwansu da gajimare ko duhun hunturu. Nan aka ga ƙanƙarar Aktik ta sauka zuwa kusan murabba'in kilomita miliyan 3.4 a Satumban 2012. Sai dai idonsa ba kaifi. An yanka teku gida-gida, kowane gida kilomita 25, kuma duk gidan da ƙanƙara ta rufe aƙalla kashi 15 cikin ɗari ana ƙirga shi dungurungum.

Inda ya fi damuna shi ne lokacin narkewa. Ruwa kan taru a saman ƙanƙara ya yi kududdufai, na'ura ta ɗauka buɗaɗɗen teku ne, alhali ƙanƙara na kwance a ƙasa. A bakin gaɓa kuma tururin tudu kan gauraya da na ruwa, sai a ga ƙanƙara inda babu ita. Ko hanyoyin lissafi biyu na NASA, wato NASA Team da Bootstrap, sukan saɓa a irin waɗannan watanni.

Na'urar AMSR2 ta Japan, wadda aka harba a 2012, ta fi gani dalla-dalla. Jami'ar Bremen ta Jamus tana fitar da taswirarta a gidan kilomita 6.25. Kyau kam akwai, amma tarihinta gajere ne. Sentinel-1 na Turai kuwa rada ne, har tsagar ƙanƙara yana nunawa, sai dai hotunansa na cinye wurin ajiya kuma karanta su sai wanda ya ƙware.

Aikin ƙanena na kwatanta shekaru arba'in ne, shi ya sa na ce ya riƙe NSIDC, ya gwada sakamakonsa da na OSI SAF, wata cibiyar bayanan teku da ƙanƙara ta Turai, ya rubuta ratar da ke tsakaninsu ƙarara. Na roƙe shi kada ya haɗa lambar AMSR2 da ta NSIDC a jadawali ɗaya. Ya goge shafin da ya haɗa su tun kafin a kira magariba.