Go a ɓangaren sabar: tayar da aiki ba wuya, tsayar da shi ne jidali

Idan abin da kake rubutawa sabar ce da ke amsa buƙatun mutane masu yawa a lokaci guda, kuma rabin rayuwarta a jira take ƙarewa, jiran rumbun bayanai ko jiran wata sabar ta maido amsa, to harshen rubuta manhaja na Go na cikin kayan aikin da suka fi kwanta mini a rai. Na zo gare shi ne bayan na daɗe ina fama da Node.js, mai gudanar da JavaScript a sabar, da kuma laburaren asyncio na Python, saboda haka da su zan riƙa auna shi. Yabona a kansa mai yawa ne, amma ƙorafina ma ba kaɗan ba ne, kuma duk daga tushe ɗaya suka fito, wato kalmar nan mai harafi biyu, `go`.

Injiniyoyi uku na Google ne suka fara tsara harshen a 2007, Robert Griesemer da Rob Pike da Ken Thompson. An fito da shi fili a 2009, sigar 1.0 kuma ta zo a 2012. Matsalar da ya zo warwarewa ta girme shi. A tsohon salo, duk wanda ya haɗu da sabar sai a ware masa zaren aiki guda, wato layin gudanar da umarni mai zaman kansa, daga babbar manhajar na'ura, kuma kowane zare da nasa wurin ajiya: a Linux yawanci megabayit 8 ake keɓe masa, a Java kuwa megabayit 1. Da mutane sun kai dubbai sai na'ura ta shiga wahalar sauya hannu daga wannan zare zuwa wancan, alhali mafi yawansu ba abin da suke yi sai jira. Tun 1999 Dan Kegel ya yi rubutu a kan yadda sabar ɗaya za ta riƙe mutum dubu goma a lokaci guda, har aka san batun da sunan C10k.

Amsar da Ryan Dahl ya kawo da Node.js a 2009 ita ce zare ɗaya tal, mai kewayawa yana duba wane aiki ne amsarsa ta iso. Dabara ce mai kyau, kuma tana aiki. Sai dai sharaɗinta shi ne kada kowa ya riƙe zaren nan. Ranar da wani ya sa a warware ƙaton fayil ɗin JSON ko a yi wani dogon lissafi a cikinsa, duk sauran masu buƙata sai su tsaya cak har ya gama.

Go ya bi wata hanya. Kana rubuta `go` a gaban kiran fankshin, shi ke nan ka tayar da goroutine, ɗan ƙaramin zare wanda Go da kansa yake kula da shi. Da wurin ajiya na kusan kilobayit 2 yake farawa, ya ƙaru idan buƙata ta taso. Mai rabon aiki na cikin Go shi ke ɗora dubban goroutine a kan 'yan zaruruwan gaske kaɗan. Idan ɗaya ya tsaya jiran amsa daga intanet, sai a sauke shi a ɗora wani, a ƙarƙashin ƙasa kuma ana amfani da epoll a Linux ko kqueue a macOS, masu sanar da wace haɗuwa ce amsarta ta iso, irin dabarar da Node ma ke amfani da ita. Bambancin shi ne kai mai rubutu ba ka ganin duk wannan. Kod ɗinka daga sama zuwa ƙasa yake tafiya: karanto mai amfani, karanto odarsa, haɗa amsa, aika. Laburaren `net/http` ma da kansa yake ba kowace haɗuwa nata goroutine, ba sai ka roƙa ba.

Abin da ya fi faranta mini rai a nan shi ne rabuwa da rabe-raben fankshin gida biyu. Wanda ya yi aiki da `async` da `await`, kalmomin da ake yi wa fankshin mai sakin zare alama da su, ko a JavaScript tun 2017 ko a Python tun sigar 3.5, ya san ciwon. Da zarar fankshin ɗaya can ƙasa ya zama `async`, dole wanda ya kira shi ma ya zama, da wanda ya kira wancan, har sama. A Python abin ya fi cin rai, domin laburare sun kasu biyu, masu jira a tsaye da masu sakin zare. Na taɓa gadon wata manhaja da aka kira laburaren `requests` a tsakiyar fankshin na `async`. Ba ta taɓa nuna kuskure ba, gwaje-gwaje duk suna wucewa lafiya, sai dai da mutane sun yi yawa sai ta koma amsa su ɗaya bayan ɗaya, domin kowane kira yana riƙe zaren har amsa ta dawo. A Go fankshin fankshin ne, ka kira shi kai tsaye ko ka sa masa `go` a gaba, duk ɗaya ne a wurinsa.

Ga kuma cin moriyar na'ura gaba ɗayanta. Tun sigar 1.5 a 2015, Go yana baza aiki a kan duk ƙwayoyin furosesa da ya tarar ba tare da an saita komai ba. Daga sigar 1.14 a 2020 kuma mai rabon aiki yana iya ƙwace zare daga goroutine da ya nutse cikin lissafi ya ƙi saki. A Node sai ka tayar da kwafin manhajar da yawa ko ka koma ga `worker_threads`. A Python makullin nan na GIL ya daɗe yana hana zaruruwa biyu gudanar da kod ɗin Python a lokaci guda, sai a sigar 3.13 ta 2024 aka fara gwajin cire shi. Wani ɗan abu da ya daɗe yana damun masu sa Go a cikin kwantena, wato keɓaɓɓen wurin gudanar da manhaja a cikin na'ura, shi ne yana ƙirga ƙwayoyin na'urar duka maimakon kason da aka yanka wa kwantenar, an gyara wannan a sigar 1.25.

To, yanzu ga inda gizo ke saƙa.

Goroutine ba shi da uba. Da ka tayar da shi, ya tafi ke nan. Ba a ba ka wata igiya da za ka riƙe shi da ita ba, ba za ka iya kashe shi daga waje ba, kuma idan fankshin ɗin da ya haife shi ya gama ya koma, shi yana nan yana harkarsa. Ɗauki misali mai sauƙi: buƙata ta shigo, ka tayar da goroutine uku su tambayi sabar uku, kowanne ya turo amsarsa ta bututun saƙo, wato `chan`. Ta farko ta dawo da kuskure, sai ka maida wa mai buƙata kuskuren ka fita. Sauran biyun fa? Idan bututun ba shi da wurin ajiye saƙo, za su zo turawa su tarar babu mai karɓa, su tsaya nan har abada. Mai kwashe shara na Go, wanda ke 'yanto memorin da aka gama amfani da shi, ba ya taɓa goroutine da ke jira, da shi da duk abin da ya riƙe. Babu saƙon kuskure, babu ƙara. Sai dai ka ga memori na hawa a hankali, kullum kaɗan, har ranar da na'ura ta kashe manhajar. Na ga irin wannan yoyon a kod ɗin mutanen da suka fi ni ƙwarewa nesa ba kusa ba, shi ya sa nake ɗora laifin a kan tsarin harshen.

Na biyu ya fi wannan zafi. Idan goroutine ya yi `panic`, wato kuskure mai katse aiki nan take, kuma babu `recover` mai tare shi a cikinsa shi kansa, manhajar gaba ɗaya ce ke faɗuwa, da duk dubban buƙatun da take riƙe da su. Abin da ke yaudarar mutane shi ne `net/http` yana tare `panic` da ya faru a cikin goroutine ɗin da shi ya tayar, sai mutum ya saki jiki. Amma wanda kai ka tayar daga ciki ba ya cikin wannan kariyar. A nan kam harshen Erlang, wanda aka ƙirƙira a Ericsson tun shekarun 1980, ya yi wa Go fintinkau: kowane ɗan aiki da nasa memori, idan ya mutu shi kaɗai ya mutu, kuma akwai mai sa ido da zai sake tayar da shi. Python ma da ake yi wa kallon baya ta kawo `TaskGroup` a sigar 3.11, inda ba a fita daga shingen sai duk 'ya'yan aikin sun gama ko an soke su.

Go yana da nasa maganin, ban ce babu ba. Akwai `context`, wanda ya shiga babban laburare a sigar 1.7 ta 2016, da shi ake ɗaukar wa'adi da umarnin sokewa daga fankshin zuwa fankshin. Akwai kuma `errgroup`, mai jiran rukunin goroutine, ya soke sauran idan ɗaya ya gaza, ya kuma iyakance nawa ne za su gudana tare. Da waɗannan biyun nake rubuta kusan komai yanzu. Amma `errgroup` ba ya cikin babban laburare, sai ka ɗauko shi daga `golang.org/x/sync`, kuma `context` roƙo ne kawai: idan goroutine bai duba ko an soke shi ba, ba abin da zai tsayar da shi. Abin dariyar ma, bayan an gama yi wa `async` ba'a cewa yana yaɗuwa, sai ga `ctx`, wato `context` ɗin nan, a bakin kusan kowane fankshin.

Sai batun iyaka. Arahar goroutine tana sa mutum ya manta cewa abin da ke ɗaya gefen ba araha ba ne. Kana iya tayar da dubu hamsin ba tare da na'urarka ta yi nishi ba, amma rumbun bayanai na PostgreSQL a saitinsa na asali haɗuwa 100 kacal yake karɓa, shi kuwa `database/sql` na Go a saitinsa na asali ba shi da iyakar haɗuwar da zai buɗe, sai ka kira `SetMaxOpenConns` da hannunka. Haka `http.Client` na asali ba shi da wa'adi ko kaɗan. Sabar da ka kira ta yi shiru, goroutine ɗinka zai zauna yana jiranta, sababbin buƙatu na ta shigowa suna taruwa a bayansa. Waɗannan saituna biyu su ne farkon abin da nake dubawa a duk manhajar Go da aka miƙo mini, kuma sau da yawa ina tarar da su yadda aka haife su.

Bututun saƙo, wanda aka gina a kan tunanin da Tony Hoare ya wallafa a 1978, shi ne abin da aka fi tallata Go da shi, ni kuwa a ganina an zuzuta shi fiye da kima. Yana da kyau wajen layin aiki mai matakai ko rabon aiki ga ma'aikata. Amma dokokinsa sai an haddace: tura saƙo cikin wanda aka rufe `panic` ne, rufe shi sau biyu `panic` ne, jiran wanda yake `nil` kuma jira ne na har abada. Sababbin shiga sukan cusa shi ko'ina, har goroutine biyu su yi cirko-cirko kowanne na jiran ɗan'uwansa. Idan ƙirga kake yi ko kare wani ɗan teburi a memori, makullin `sync.Mutex` ya isa, kuma ya fi sauƙin karantawa.

Da yake memori ɗaya duk goroutine ke amfani da shi, rige-rigen taɓa bayani abu ne da ke faruwa, kuma kwamfaila, mai juya kod ya zama manhaja, ba zai hana ka ba, saɓanin harshen Rust da ke ƙin haɗa irin wannan kod ɗin tun farko. Biyu suka rubuta cikin `map` ɗaya a lokaci guda, Go na iya kashe manhajar nan take, kuma `recover` ba ya ceto a nan. Abin da ya rage zafin shi ne `-race`, mai gano rige-rige, wanda ke nan tun sigar 1.1. Yana nuna maka layukan biyu da suka yi karo da inda aka tayar da kowanne. Yana da nauyi, takardun Go da kansu sun ce memori na iya ninkawa sau 5 zuwa 10, lokaci kuma sau 2 zuwa 20, kuma abin da ya faru a gabansa kaɗai yake gani, hanyar da gwajinka bai bi ba ba ruwansa da ita. Duk da haka ba na yarda a haɗa kod sai gwaji ya wuce da shi a kunne. Tsohon tarkon nan na madauki, inda duk goroutine da aka tayar a cikin `for` suke ganin ƙima ta ƙarshe, an toshe shi a sigar 1.22 ta 2024, bayan ya ci mutane fiye da shekara goma.

Wajen bincike idan abu ya lalace, dole in sara wa Go. Da `pprof` kana iya tambayar sabar da ke kan aiki ta zayyano maka duk goroutine da ke raye da layin da kowanne ya tsaya a kai. Ka ga dubbai sun taru a layi ɗaya, ka san inda yoyon yake. Wanda ya taɓa neman `Promise`, wato alkawarin amsar da ake jira, da ya ƙi cika a Node ya san darajar wannan.

Wa zan ba shawarar ya ɗauka? Mai rubuta sabar da ke tsakanin wasu sabar, tana kira tana tattarawa, ko mai son fayil ɗaya da zai jefa cikin kwantena ya tashi nan da nan. Ƙungiyar da ta riga ta iya JavaScript kuma aikinta bai wuce karanta rumbun bayanai da maido amsa ba, ban ga dalilin da zai sa ta bar Node ba. Masu Java kuma yanzu ba su da hujjar ƙaura saboda wannan batun kaɗai, domin Java 21 ta 2023 ta kawo nata ƙananan zaruruwan masu kama da goroutine, kuma Java 24 ta gyara matsalar da `synchronized` ke jawowa ta maƙale su a kan zaren gaske. Idan kuwa aikin na riƙe haɗuwa masu tsawon rai ne, irin na hira kai tsaye, inda faɗuwar ɗaya bai kamata ta shafi saura ba, harshen Elixir a kan injin Erlang zan fara dubawa kafin Go.